Fura Ya Sha

A gidanmu ba a kiran giya da sunanta. Malam, mahaifinmu, yana karantarwa a zaurenmu na Illela tun kafin a haife ni, kuma ko karatu ya biyo ta kan hukuncinta, "ruwan nan" kawai yake cewa, ya wuce da sauri kamar mai tsallake kwata. Mu ma haka muka tashi. Har na girma, a wurina mashayi wani irin mutum ne da ake hangowa daga nesa, can bayan tasha, wanda ba shi da uwa ba shi da gida. Ban taɓa kawo wa raina zai iya zama wanda na goya a bayana ba.

Ni ce 'yar fari. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Malam bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. In yana son abu a wurina Inna yake gaya wa, ko da ina tsaye a gabansa. "A ce ma waccan ta kawo ruwa." Yau ina da 'ya'ya har da mai aure, amma har yanzu ni ce waccan. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta ɗan fari, kuma ban taɓa jin haushinta ba. Duk Babbar Sallah cinyar ragonsa mafi kyau gidana take zuwa, ba saƙo ba bayani. Da wannan muke gaisawa ni da shi.

Tsakanina da autanmu akwai 'yan'uwa, wasu sun rasu suna ƙanana, wasu aure da aiki sun kai su nesa. Lokacin da aka haife shi na isa goyo, Inna kuma ta gaji, sai ya zama nawa. Ni na yi masa wanka, ni na tsame shi daga kududdufi, ni na sha duka a kansa ranar da ya zubar wa Malam tawada. Ya taso da surutu kamar an kunna rediyo. Karatun zaure bai zauna masa ba sosai, amma Allah ya ba shi hannu da ido. Tun yana yaro babu agogon da ya tsira a gidanmu. Da ya girma ya buɗe rumfar gyaran waya kusa da kasuwa, har daga Ƙonni, tsallaken iyakar Nijar, ake kawo masa, a biya shi da sefa ya dawo yana yi mana Faransancin ƙarya. Na sha tsayawa ina kallonsa yana ɗauko wani ƙusa da bai kai ƙwayar gero ba da ɗan tsinken ƙarfe, yana yi yana ba wani labari, bai ko sunkuya sosai ba. Ni da sai na kira jikata ta sa mini zare a allura.

Abin ya faro ne lokacin da aka rufe iyaka. Garinmu da iyaka yake numfashi, da aka rufe ta kowa ya ji a jikinsa. Manyan motoci suka yi layi a bakin hanya da kayansu, direbobi da yaransu suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocin, nan suke girki, nan suke kwana. Masu kawo wa Auta waya daga tsallake suka ɗauke ƙafa. Mutumin da bai iya zaman shiru ba, ga shi babu aiki, sai ya koma wurin direbobin nan yana yi musu cajin waya yana ba su dariya. A nan ya gamu da ita.

Gogoro suke ce mata. Ba irin ta kwalba mai tambari ba ce. A gida ake dafa ta can kudu, a tace ta da tukunya da bututu, a ɗura a jarka a ɓoyo ta a ƙarƙashin kaya. In ta iso nan mai sayarwa ya ƙara mata abin da ya ga dama don ta yi auki, ya jefa saiwoyi a ciki ta yi ja, ya zuba a robar ruwan sha. Daga nan ta tashi daga giya ta koma maganin basir. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin abin da na sani kawai shi ne, wata rana bayan azahar Auta ya shigo gidana yana dariya shi kaɗai, ya yi sallama sau biyu a tsakar gida, ya zauna a gefen turmi ya kusa faɗuwa. Wani wari ya buge ni, kamar an haɗa kananzir da ruɓaɓɓen lemo.

Na kama kunnensa kamar yadda na saba tun yana ƙarami.

"Mi kash sha?"

"Maganin basir na, Yaya. Wallahi magani na."

Na buɗe baki zan zage shi ta uwa, sai na tuna uwarmu ɗaya. Na sake shi na shiga ɗaki na yi kukana. Da na fito ya yi barci a kan tabarmar yara, bakinsa a buɗe, kamanninsa na yarinta duk sun dawo. Na ɗauko zane na rufe shi saboda ƙudaje.

Maigidana fataucin albasa yake yi, yakan yi makonni a kudu, saboda haka ɗakin zaurena babu kowa. Ban zauna na shirya komai ba, abin ne ya shirya kansa. In Auta ya sha, gidana yake fara biyowa. In shimfiɗa masa, in ya farka in ba shi ruwan wanka, in ba shi lemon tsami da kanumfari ya tauna, in shinshina shi kamar mai sayen turare, sannan in sallame shi ya tafi gida kafin magariba. In Inna ta tambaya in ce rediyona yake gyara mini. Rediyon nan ya sha gyara a bakina, da mutum ne da tuni ya kai ƙara.

Kada a ce ban yi faɗa ba. Na yi. Na yi masa nasiha da taushi, na yi da zafi, na yi fushi na daina gaishe shi, na sa shi ya rantse. Yakan bari da azumi, fuskarsa ta ciko, in ce shi ke nan Allah ya karɓi addu'ata. Bayan sallah ya koma. Na yi tunanin kai maganar gida, amma ta wace ƙofa? Inna tana fama da hawan jini, ƙaramin labari ma kwantar da ita yake. Malam kuwa, mutumin da ban taɓa ce masa ko "Malam, ruwa ya ƙare a randa" ba, shi zan tsaya a gabansa in fara hira da wannan? Mutumin da iyaye ke kawo masa 'ya'yansu daga Garu da Tozai don ya gyara musu tarbiyya? Na ce wa raina rufin asiri ibada ne. Har daɗi nake ji, ina ganin ni kaɗai nake riƙe da mutuncin gidanmu a tafin hannuna.

Ranar da abin ya faru, washegarin kasuwa ce. Auta ya shigo mini da hantsi, kuma ba a buge yake ba. Wannan shi ya ruɗe ni. Babu dariya, babu tangaɗi, maganarsa garau. Ya ce kansa ke sarawa, cikinsa na murɗa. Na dama masa fura, ya kurɓa kaɗan ya je bayan ɗaki ya amayar. Na ce ciwon shawara ne, ya kwanta. Ina tsakar gida ina wanki ina jin numfashinsa daga zaure, sama-sama da ƙarfi, kamar wanda ya yi gudu. Can ya kira ni.

"Yaya, wa yah hura wuta? Hayaƙi ya cika ɗakin ga."

Ban hura wuta ba. Ɗakin tas yake, rana ta shigo ta ƙofa har kan tabarmarsa. Na ɗaga hannuna a gabansa na ce ya ƙirga yatsuna. Ya murza ido, ya sake murzawa, ya ce yana ganina amma kamar ta cikin farin mayafi.

A nan ya gaya mini. Jiya da yamma an kawo sabuwar jarka. Mai sayarwa ya ce wannan ta fi ta kullum ƙarfi, kuma ɗanɗanonta daban ne. Su da yawa suka sha. Ya lalubo hannuna ya riƙe, tafinsa sanyi ƙalau.

"Yaya, don girman Allah kar Malam shi ji. Ko mi za a yi, kar shi ji. Yi man alkawali."

Na ce na yi. Ko tunani ban tsaya yi ba, alkawarin da na saba cikawa ne.

Maƙwabcinmu mai mota ya kai mu wani ƙaramin asibiti a cikin gari. A Illela labari ba ya jiran a aike shi. Ba a gama kwantar da Auta ba sai ga Malam a bakin ƙofa, rawaninsa a karkace, takalmansa duk ƙasa. Ya bar ɗalibai zaune da littattafai a buɗe, abin da ban taɓa jin ya yi ba ko ranar da aka yi mana rasuwa. Bai dube ni ba, kamar kullum. Ya wuce kan gadon, ya ɗora tafinsa a goshin Auta, leɓunansa na motsi. Ni kuma na koma ƙarshen gadon wajen ƙafafu na tsaya, na ja mayafina.

Ma'aikacin da ke duba marasa lafiya ya shigo. Mu duk mai farar riga likita muke ce masa. Saurayi ne mai natsuwa, kuma tsohon ɗalibin zaurenmu ne, don haka sai da ya durƙusa har ƙasa ya gaida Malam kafin ya taɓa majinyaci. Ya auna jini, ya haska idon da ɗan tocila, ya daɗe yana haskawa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya miƙe ya yi tambaya, ba ga kowa ba, ga ɗakin baki ɗaya.

"Mi yac ci tun jiya? Ya sha wani abu? Magani ko jiƙo, ko mi na, a gaya man."

Auta ya juya kansa wajen bango. Malam bai ɗaga kai ba. Fanka na juyawa a sama tana ƙara. Likitan ya dawo da idonsa kaina.

"Hajiya, daga gidanki anka kawo shi. Ba ki ga ya sha komi ba?"

Maganar tana bakina. Gajeriya ce, ba ta kai numfashi ɗaya ba. Na ɗaga ido na ga bayan Malam, na ga hannunsa a goshin ɗansa, na ga furfurar ƙeyarsa da ta leƙo ta ƙasan rawani. Na ji harshena ya yi nauyi. Ban taɓa furta kalmar nan a inda yake ba. Ban taɓa furta kowace doguwar magana a inda yake ba.

"Hura yash sha," na ce.

Kuma ba ƙarya na yi ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har gobe. Na zaɓo gaskiyar da ba ta da amfani na miƙa masa.

Likitan ya ɗan tsaya yana kallona, sannan ya gyaɗa kai. Da abin da aka ba shi ya yi aiki. Ya ce zai iya zama zazzaɓi mai tsanani ne ya hau kai, ya ɗebi jini, ya sa masa ƙarin ruwa da allurai. Ni kuma na ce wa raina ba komai, yanzu za a kira azahar, Malam zai tafi masallaci, in bi likitan in raɗa masa. Aka kira azahar. Malam ya fita ya yi alwala, ya dawo ya shimfiɗa ɗan buzunsa a barandar ɗakin, daidai bakin ƙofa, ya yi sallarsa a nan. La'asar ma haka. Ba zan iya fita ba sai na tsallake shi, kuma ko na tsallake, ofishin likitan yana kallon barandar.

Haka nake faɗa wa kaina. Gaskiyar ita ce da na so da na fita. Mace ba ta rasa dalilin fita daga ɗaki, ko buta na ɗauka ai ya isa. Abin da ya zaunar da ni shi ne wajen la'asar aman ya tsaya, Auta ya yi luf, idonsa a rufe. Na kama wannan da hannu biyu. Na ce ga shi ruwan ya karɓe shi, gobe zai tashi, asiri ya rufu, kowa ya huta. Har hamdala na yi. Ina zaune a ƙarshen gadon ina yi masa fifita, ina jin daɗin ban yi gaggawar magana ba.

Da gari ya waye rana ta shigo ta taga ta sauka a kan fuskarsa. Ya buɗe ido tar a cikinta, ko ƙiftawa bai yi ba. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Yaya, an yi assalatu? A kunna hitila mana."

Malam yana zaune a kujera kusa da kansa. Na ji carbinsa ya faɗi ƙasa.

Ba a jima ba likitan ya shigo da sauri. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce in zo in karɓi takardar magani. Muna shiga ofishinsa ya tura ƙofa. Ya ce an wayi gari da gawar wani yaron mota a wurin da manyan motoci ke tsayawa, an kuma kawo wasu biyu daga can ba sa gani sosai, kuma su sun faɗi abin da suka sha.

"Hajiya, wurin direbobin nan yake zama?"

Na gyaɗa kai. Ko a lokacin ban iya furtawa ba.

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dafe teburinsa ya ce, "Jiya ya kamata in ji." Sannan ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, sai Sakkwato, kuma yanzu-yanzu.

Motar ba ta da wurin kowa da kowa, kuma Inna ta faɗi da jin labari, dole Malam ya tsaya a kanta. Ni da ƙanen maigidana muka tafi. Hanyar nan na bi ta ba adadi, zuwa biki, zuwa gaisuwa, zuwa sayayya, ban taɓa sanin tana da tsawo haka ba. Kan Auta yana cinyata. Muna wuce Gwadabawa ya daina amsa mini.

A babban asibiti wata likita ce ta karɓe mu, yarinya ce da ba ta girmi 'yata sosai ba. Ita na gaya wa komai tun kafin ta tambaya, da sunan abin da jarkar da ranar. Kalmar ta fito daga bakina cikin sauƙi har na ji kunyar kaina. Ashe fita take yi. Aka shiga da shi, aka yi masa wankin jini. Bayan an samu kansa ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausarta ta birni. Ta ce irin wannan giyar da ake dafawa a gida babu mai auna abin da ke cikinta. Wani lokaci gubar tun daga dahuwa take fitowa, wani lokaci kuma masu sayarwa ne ke ƙara irin ruwan da ake tsinka fenti da shi don ta yi ƙarfi. Ta ce mugun halin gubar shi ne ba ta nuna kanta nan take. Sai mutum ya wartsake, ya ɗauka ya tsira, sannan jikinsa ya juya ta ta zama abin da ke cin jijiyar ido, ya taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa. Luf ɗin da na ga ya yi jiya ba sauƙi ba ne, gubar ce ke aikinta.

Na tambaye ta abin da ya kawo ni bakin kujerar. Na ce, da jiya aka kawo shi fa?

Ina so ta ce duk ɗaya ne. Na zuba mata ido ina roƙonta da zuciyata ta faɗi haka. Ta ce ba za ta iya rantse mini ba, wasu ko an kawo su da wuri idon yakan tafi. Amma akwai abin da ake yi a tare gubar kafin ta juya, kuma a irin wannan ciwo wuni guda ba ƙaramin abu ba ne. Ta dafa hannuna ta tashi, ana jiranta.

Auta ya rayu. Ido ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ɗayan yana bambance rana da inuwa, shi ke nan. Muka dawo Illela aka yi ta zuwa sannu. A gida abin da ake faɗa shi ne zazzaɓi ya taɓa masa ido, masu zuwa kuma su ce Allah ya sa kaffara ne. Rabinsu sun san gaskiya, garin ba shi da girman da za a ɓoye irin wannan, amma babu wanda ya taɓa ɗaga maganar a zauren Malam. An rufe rumfar. Da aka buɗe iyaka mutanen Ƙonni suka riƙa zuwa da wayoyinsu suna tambayar ina mai gyaran nan mai ban dariya, maƙwabtan rumfa su nuna musu wani.

Ni kuwa sai yabo. Mata su ce kowa ya samu yaya irina ya gode Allah, ita ta kai shi, ita ta yi jinya, ita ke wanke masa kaya. Ina murmushi ina cewa ai wajibi ne. In na dawo gida abinci ya ƙi wuce mini.

Surutunsa bai mutu duka ba. Yakan ce yanzu ya huta da ganin fuskata in na ɗaure ta. Wata rana ina yanke masa farce a tsakar gida, sai ya ce, "Yaya, ke dai kin cika alkawali. Na ji ki ran nan. Allah shi saka miki." Da zuciya ɗaya ya faɗa, godiya yake yi mini. Na ji kamar in kwaɗa masa mari, in kwaɗa wa kaina. Na ce ya miƙo ɗaya hannun.

Tun da Inna ta kwanta ciwo ni nake dafa abincin Malam na yamma in kai. Yadda muke yi, in ajiye a bakin ƙofar zaure ta ciki, in ɗauki kwanukan jiya, in gaishe shi daga nesa ya amsa da "madalla" yana kallon littafi. Wata ranar Alhamis, babu karatu, na zo bayan la'asar. An kai Auta aski, Inna tana barci a ciki. Malam yana zaune shi kaɗai ya ba ƙofa baya, yana jera littattafai a kan buzu. Na ajiye, na gaishe shi, na juya.

"Tsaya."

Na waiga in ga da wa yake. Babu kowa sai ni. Na durƙusa a inda nake. Bai juyo ba, bango yake yi wa magana, amma da ni yake.

"Na daɗe da sanin yaron ga shina shan ruwan nan. Kusa gare ni yake tsayuwa sallar magariba. Rana guda na bi shi har bayan motocin, nig gani da idona, nik komo gida ban ce komi ba. Ina ta addu'a, ina cewa Allah shi shirye shi ba tare da kowa ya ji ba."

Ya ɗauki wani littafi ya ajiye shi inda ya ɗauko shi.

"Ran da likita yat tambaya, maganar ta zo man har nan." Ya taɓa maƙogwaronsa. "Sai nit tuna kina tsaye. Nic ce wagga ita tag goye shi, ta ɗauke shi awa ɗan cikinta. Ƙaƙa za ni hwaɗin wagga magana gabanta? Nic ce bari ta hita, in gaya mai. Niz zamna bakin ƙohwa ina jiran ki hita. Ba ki hita ba."

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Wuni guda cur, shi a baranda ni a ƙarshen gado, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ba shi wuri, yaron kuma yana kwance tsakaninmu idonsa na tafiya.

Sai ya juyo. A iya sanina ranar ce ya fara kallon fuskata kai tsaye. Idanunsa sun yi ja, ya tsufa fiye da yadda nake hange daga nesa.

"Abu guda nika son ki gaya man. Ke ran nan, kin sani?"

Na sha juya wannan tambayar tun daga ranar. In na ce na sani, na gaya masa ke nan cewa shirun da ya yi bai kare kowa ba, ya ba da idon ɗansa ne don ya ɓoye mini abin da ni na daɗe ina rufewa. In na ce ban sani ba, na bar tsoho da kayan da rabinsu nawa ne. Ina so in ce tausayinsa ne ya zaɓa mini amsa. Amma na san nauyin da harshena ya yi, irin na ranar asibiti ne sak.

"A'a, Malam," na ce. "Sai Sakkwato nij ji."

Ya sauke wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka. Ya mayar da fuskarsa bango.

"Alhamdu lillahi. To ni ɗai na. Tashi ki tahi."

Na ɗauki kwanukan jiya na fito. Har yau ni nake kai masa abincin yamma, kuma ya koma aiko mini da saƙo ta bakin Inna.